Maɓallin Rigar Radames

A garinmu Tamboril aikin namiji biyu ne: naɗa taba daga Litinin zuwa Asabar, da wasan besbol, na jifan ƙwallo da dukansa da kulki, ran Lahadi in an taso daga coci. Wanda bai iya ko ɗaya ba sai ya nemi babur ya kama acaɓa, mu kuma mu riƙa gaishe shi da tausayi. Radames ya iya duka biyun, irin iyawar da ko maƙiyi ya gani sai ya yi shiru ya kalla.

A masana'anta shi ake ware wa ganyen da ya fi kyau. In ya gama naɗi, sai ya yanki ɗan ganye kamar faɗin farce, ya tsince shi da babban yatsa da manuniya, ya shafa ƙaro, ya murza a kan tabar sau ɗaya tak, hular kan tabar ta zauna ba ka ganin bakinta. A fili kuma da waɗannan yatsun, haɗe da na tsakiya, yake riƙe ƙwallo. Yana da wata jifa mai lanƙwasa da take tahowa kamar za ta zubar wa mai kulki haƙora, sai ta sunkuya ta wuce ta gwiwarsa. Ƙarti da yawa sun sha zaman dirshan a ƙasa saboda ita, gari yana yi musu ihu.

Plinio ne mai cafe masa. Shekara goma sha ɗaya yana tsugune a bayan masu kulki, fuska cikin ragar ƙarfe, yana nuna wa Radames jifar da zai yi da yatsu: ɗaya mai gudu, biyu mai lanƙwasa. Teburinsu na aiki ma a jere yake, kuma shi ya riƙe 'yar Radames ta fari ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa ba sa kiran juna da suna, sai kompai, yadda muke kiran wanda zumuncin baftisma ya haɗa ka da shi. Plinio ba gwani ba ne, kuma ya sani. Gajere ne, gwiwoyinsa suna ƙara in ya miƙe, dukan kulkinsa kuwa a bar maganar kawai. Amma Allah ya ba shi ido, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar ya tsuguna ya ga hannun nan na dama ya zagayo.

Ran Lahadin da nake ba ku labari 'yan Navarrete ne suka zo, kuma wanda ya ci shi zai wuce wasan ƙarshe na lardi. Rana ta ƙwalle, fili ya cika har kan katanga, masu ganga sun kama aiki tun kafin alƙali ya iso.

A turmi na uku Plinio ya sauke yatsu biyu. Radames ya girgiza kai. Ya sake saukewa, aka sake girgiza masa kai. Daga nan mai lanƙwasa ba ta ƙara fitowa ba. Sai mai gudu, wadda ita ma gudun nata ya ragu, da wata mai sanɗa da yake turowa daga tafin hannu. Ƙwallon yana shiga safar hannun Plinio da wani juyi da bai san shi ba. Ya zuba ido a jifa ta gaba, ya kuma gani: manuniyar Radames a kwance take a kan ƙwallon ba ta aikin komai, da yatsan tsakiya da na kusa da shi yake riƙo.

Abin haushin, wanda kuma shi ne abin sha'awar, cin 'yan Navarrete yake yi. Mutumin da aka ƙwace wa makaminsa ya koma yana wasa da hankalin mutane. Ya ba wannan a can ƙasa, ya ba wancan a jikin ƙirji, ya sa babban mai dukansu ya kai wa iska duka har hularsa ta faɗi. Plinio yana tsugune cikin tsoro, amma bakinsa a cikin raga murmushi yake. Bai taɓa ganin jifa mai wayo irin ta ranar ba, kuma har yau bai sake gani ba.

A turmi na biyar ya nemi izinin alƙali, ya taka zuwa tudun da mai jifa ke tsayawa.

"Kompai, ina mai lanƙwasar?"

"Na bar ta a gida, tana hutu."

"Nuna min hannun nan."

Radames ya cusa hannun cikin safa. "Yaushe ka zama likita ban sha shagali ba? Koma ka tsuguna, ga alƙali can yana hararar mu."

"Yatsan ne, ko?"

"Plinio." Rabon da ya kira shi da sunansa har an manta. "Dubi allon ci, sannan ka rufe min baki."

Plinio ya waiga. A layin 'yan Navarrete ba komai sai sifiri a jere, har da gurbin da ake rubuta yawan waɗanda suka doki ƙwallo suka tsira.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dokar, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba. In mai jifa ya kama hanyar gama turmi tara ba tare da mutum ɗaya ya doki ƙwallonsa ya tsira zuwa zangon farko ba, to ba a faɗa. Ba a ambaton abin, ba a zama kusa da shi a rumfar 'yan wasa, ba a yi masa magana, ko ruwa sai dai a ajiye masa a gefe a wuce. Wanda ya furta shi ya karya, kuma har jikokinsa sai an goranta musu. Mu da muke cika coci kowane mako mun san camfi ne, amma je ka gwada furtawa ka gani. A tarihin ƙungiyarmu ba wanda ya taɓa kai irin wannan wasa ƙarshe. Sau ɗaya aka kusa, tun kafin a haifi rabin 'yan kallon nan.

Wanda ya kusa ɗin Evaristo ne, mahaifin Plinio. Shi ma yatsunsa sun fara mutuwa a tsakiyar kakar wasa, shi ma bai gaya wa kowa ba, don a wurinmu namiji ba ya cewa hannunsa na ciwo. Aka yi ta shafa masa man zafi, ana ɗaure damtsen da tsumma, yana hawa tudu kowace Lahadi har yatsun suka tafi ba su dawo ba. Ya bar naɗin taba yana ɗan shekara talatin da shida. Kullum da safe matarsa ke sa masa maɓallan riga, da ta rasu kuma aikin ya dawo kan Plinio, shekara tara cur. Tsohon bai taɓa cewa na gode ba, bai kuma taɓa kallon ɗansa ba in ana sa masa. Bango yake juyawa ya kalla har a gama.

Plinio ya koma ya tsuguna, sai abubuwa suka fara haɗuwa a kansa. Ran Alhamis ya ga ganyen hula ya suɓuce wa Radames sau biyu, ya ɗauka gajiya ce. Yau da safe kuma mutumin ya iso fili da rigar wasa a jikinsa tun daga gida, an sa mata maɓallai tsaf har wuya, alhali shekara goma sha ɗaya a rumfa yake sa ta, yana fara maɓallan daga ƙasa zuwa sama, don wai in ya fara daga sama ba ya sa'a. Wato Yuderka ce, matarsa, ta sa masa.

Aka gama turmi na shida. Aka gama na bakwai. Muna da ci ɗaya, su ba su da ko ɗaya. Masu ganga ma sun sassauta, mutum dubu biyu suna kallon allo suna yi kamar ba su gani ba. Radames ya sauko ya tafi can ƙarshen benci ya zauna shi kaɗai, tawul a kan hannun dama, 'yan wasa suka matsa suka bar masa fili.

Plinio ya fara zuwa wurin Don Isidro, mai horar da su, tsoho mai shekara saba'in da ke tauna tabar da bai taɓa kunnawa ba sai an tashi wasa.

"Don Isidro, a cire shi."

Tsohon bai ko juyo ba. "Ban ji ka ba."

"Hannunsa ne, ranka ya daɗe. Yatsun..."

"Na ce ban ji ka ba. Je ka sha ruwa, rana ta taɓa maka kai."

Plinio ya waiga ya dubi ƙarshen benci. Ba jarumi ba ne, ya tsani a kalle shi, ko a wurin biki bayan ginshiƙi yake zama. Kuma yana son wasan nan ya kai ƙarshe fiye da duk wanda ke cikin rumfar, don shi ma sunansa zai shiga labarin, a ce shi ya cafe. Amma ya san muddin sifirin nan suna jere, ba mahaluƙin da zai taɓa Radames, shi kuma Radames ba zai sauka da ƙafarsa ba. Sai ya ja ƙafa, ƙarafan kariyar da ke ƙaurinsa na ƙara, ya bi bencin nan tun daga farko har ƙarshe, ya zauna a jikin kompai ɗinsa.

"Kai! Kai!" wani ya yi masa raɗa. "Ka haukace ne? Taso daga nan!"

Plinio ya ɗaga murya yadda har 'yan kallon da ke bayan rumfa za su ji. "Turmi bakwai, ba wanda ya doke ka ko sau ɗaya. Saura mutum shida ka yi wasan da ba a taɓa yi ba a garin nan. To, na faɗa. Akwai wanda bai ji ba in maimaita?"

Rumfa ta kaure. Wani ya yi alamar gicciye, wani ya yi jifa da hula, mai tsaron zango na uku ya kama kansa da hannu biyu. "Allah wadaran bakin nan! Ɗan baƙin ciki! Mu kam me muka yi maka?" Tabar Don Isidro ta faɗi ƙasa.

Radames ya juyo. Kallon da ya yi wa Plinio, da duka ne da ya fi sauƙi.

Plinio ya miƙa hannu ya ɓalle maɓallin sama na rigar Radames.

"Mayar da shi," ya ce. "Da hannun dama. In ka mayar, na rantse da kabarin babana zan koma in tsuguna, ko turmi ashirin ne."

"Wasan yara kake so mu yi?"

"Maɓalli ɗaya ne, kompai. 'Yarka ma tana sawa."

Radames ya yaye tawul ɗin, ya ɗaga hannun. Babban yatsa da manuniya suka haɗu a kan maɓallin, amma a miƙe suka haɗu, kawunansu sun ƙi lanƙwasawa. Maɓallin ya zame. Ya sake kamawa, ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi, maɓallin ya sake zamewa. A karo na uku ma ya kasa. Mutumin da ya hana ƙarti ashirin da ɗaya sakat a tsakar rana, ga shi gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Ya sauke hannun, ya yi 'yar dariya mara daɗi.

"Tun yaushe?" in ji Plinio.

"Sati uku. Da farko zafi ne a nan, ƙasan gwiwar hannu. Sai na riƙa jin kamar tururuwa na yawo a yatsun. Yau tun turmi na biyu ba na jin komai." Ya matso, ya rage murya. "Mutum shida, kompai. Jifa ashirin ke nan. Ka bar ni in yi jifa ashirin, gobe ka kai ni duk inda kake so."

"Babana ma jifa ashirin ya roƙa."

Don Isidro ya riga ya iso kansu. Shi ne ya tsaya a zangon farko a zamanin Evaristo, shi ne kuma ya ɗauki gaban akwatin gawarsa ranar jana'iza. Ya dubi maɓallin, ya dubi allo. A al'adarmu mai jifa ba ya ba da ƙwallo, sai mai horarwa ya miƙo hannu ya karɓa, kuma kowa ya ga tsohon nan ba zai iya miƙo hannun ba.

Radames ne ya raba gardamar. Ya zaro ƙwallon daga cikin safarsa da hannun hagu, ya kamo hannun Don Isidro, ya buɗe tafin, ya ɗora masa. Sannan ya miƙe ya fita ta bayan rumfa, wuyan rigarsa a buɗe, bai waiwayi kowa ba. Ni dai a duk abin da na gani ya yi a fili, ban ga wanda ya kai wannan ba.

Sauran labarin wasan ba shi da daɗin faɗa. Wanda aka sa a madadinsa jifarsa ta biyu aka aika bayan katanga. Aka tashi uku da ɗaya, 'yan Navarrete suka tafi da gangunansu suna rawa a bayan mota, Plinio kuma ya fita fili ɓawon lemo na sauka a bayansa.

Ran Litinin Yuderka ta tasa mijinta a gaba sai asibiti a Santiago. Ita ce ta zo ƙofar gidan Plinio bayan kwana goma ta ba shi labari, tana tsaye ko zama ba ta yi ba. Likitar ta ce naman damtse, wanda ke juya hannu in za a yi mai lanƙwasa, shi ne ya yi kauri ya matse jijiyar da ke kai saƙo zuwa yatsun, kamar an taka tiyon ruwa. An tsaga an saki jijiyar. Ko za ta farfaɗo, sai an jira watanni.

"Jifa ashirin ɗin fa?" in ji Plinio. "Ta ce da ya yi su da shi ke nan?"

"Na tambaye ta. Ta ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Ba ta sani ba."

"Shi fa? Yana cewa me?"

Yuderka ta gyara jakarta. "Kada ka zo tukuna, kompai. Ni dai na gode. Amma kada ka zo."

Wannan "ba ta sani ba" ita ta fi cin Plinio. Gari kuma bai raga masa ba. Aka laƙaba masa suna Rediyo. In ya shiga kantin unguwa sai wani ya ce, "A rage murya, ga labarai sun iso." A teburin wasan domino ba mai yarda ya zama abokinsa, wai zai faɗi abin da ke hannunsa. Mu mutanen Tamboril muna da kirki, amma in muka riƙe mutum ba ma gajiya. Duk wannan bai dame shi ba kamar teburin da ke kusa da nasa, wanda ya zauna wata huɗu ba kowa. Sau biyu ya hango Radames a hanya, hannu a rataye, sau biyun kuma Radames ya tsallaka titi. Plinio ya yi kewarsa ƙwarai, ya kuma yi ta tambayar kansa ko ya raba mutum da ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa ne a banza.

Wata Talata da safe, ana cikin aiki, ƙamshin ganye ya cika ɗaki, sai surutu ya ɗauke daga bakin ƙofa ya biyo layi-layi. Plinio ya ɗaga kai. Radames ne, ya rame kaɗan, tabon ɗinki ya taso daga gwiwar hannunsa ya gangaro rabin damtse. Bai je teburinsa ba. Ya zo ya tsaya a gaban Plinio, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Tashi."

Plinio ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙarar da suka saba. Ya riga ya shirya wa mari.

"Dubi yadda ka fito, kamar wanda ba shi da mata a gida. Wa ya sa maka rigar nan a karkace?"

Rigar lafiyarta ƙalau. Radames ya ɗaga hannun dama ya ɓalle maɓallin wuyan Plinio. Sannan ya kama shi da babban yatsa da manuniya. Kawunan yatsun suka lanƙwasa, a hankali, da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Maɓallin ya zame sau ɗaya. Ya ja tsaki ya sake kamawa, ya tura, ya shige.

Can baya wani ya fara buga wuƙar naɗinsa a kan katako, yadda muke yi in abu ya burge mu. Na kusa da shi ya kama, sai ga ɗaki duka ya ɗauka, mutum ɗari da wani abu, har da mai tsaron zango na uku da ya fi kowa zagi.

"Likita ta ce jifa sai baɗi, in ma za a yi," in ji Radames, a ƙarƙashin ƙarar. "Kuma kada ka ɗauka na yafe maka. Mutum shida, kompai. Shida kacal."

"Na sani."

"Ba ka san komai ba, Rediyo."

Idon Plinio ya cika, sai ya juya fuska ya kalli bango.

"A'a, juyo nan ka kalle ni," in ji Radames, yana ɓalle na biyu. "Tsaya cak, ban gama ba. Akwai saura huɗu."